Jirgin Farsleben: Labarin da Tsohon Soja Ya Kusa Tashi Bai Faɗa Ba

A watan Yulin 2001, ana tsakiyar dogon hutun makaranta, wani malamin tarihi mai suna Matthew Rozell ya saɓa kyamarar bidiyo ya nufi wani gida a Hudson Falls, wani ɗan ƙaramin gari a arewacin jihar New York ta Amurka. Wanda zai gani kakan ɗaya daga cikin ɗalibansa ne, Carrol Walsh, dattijo ɗan shekara 80, alƙalin babbar kotun jiha da ya yi ritaya. A Yaƙin Duniya na Biyu shi ne shugaban wata tankar yaƙi a Bataliyar Tankoki ta 743.

Sun yi kusan awa biyu suna hira. Walsh mutum ne mai barkwanci, ga iya ba da labari, ya ɗauko zance tun daga Normandi ta Faransa, ya bi da shi cikin sanyin ƙarshen 1944 lokacin da Jamusawa suka yi kukan kura a dazuzzukan Beljiyam, ya faɗi abokan da suka mutu, ya faɗi yadda zaman cikin tanka yake. Malam ya ga ya samu abin da ya zo nema. Ana shirin tashi ke nan, sai 'yar dattijon, wadda take gefe tana sauraro, ta tambayi mahaifinta ko ya ba shi labarin jirgin ƙasan nan.

Bai ba shi ba. Sai a lokacin ya ɗan taɓa shi a gurguje, kamar wanda aka tuna wa wani ƙaramin abu da ya faru a hanya.

Wannan 'yar tambayar ita ce mafarin duk abin da za a bi a nan. Ta kai ga haɗa ɗaruruwan mutanen da suka tsira daga hannun 'yan Nazi da sojojin da suka tarar da su, bayan shekara sittin da ɗoriya ba wanda ya san inda wani yake.

Yadda aikin ya faro

Rozell ɗan garin ne. A makarantar sakandaren Hudson Falls ya yi karatu, a nan kuma ya dawo koyarwa a 1987. Matsalarsa irin ta kowane malamin tarihi ce: yara suna haddace shekaru da sunayen janar-janar, su rubuta jarrabawa, su manta. Alhali a lokacin mutanen da suka yi yaƙin suna nan cikin gari, ana haɗuwa da su a kanti da coci, wasu ma a gida ɗaya suke kwana da yaran. Amurkawa kusan miliyan 16 ne suka sa kaki a wannan yaƙin, saboda haka da wuya ka sami dangin da ba su da nasu.

Da 'yar takardar tambayoyi ya fara. Yaro zai kai wa kakansa ko wani tsoho a unguwa, a cike, a dawo da ita. Amsoshin da suka dawo sun nuna masa takarda ta yi wa abin kaɗan, sai ya fara gayyato tsoffin sojojin zuwa cikin aji. Daga nan aka koma ɗaukar hira a kaset ɗin bidiyo: ɗalibi ya zaɓi dattijo, ya karanta tarihin fagen da ya yi yaƙi kafin ya je, ya zauna da shi, ya dawo ya rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma. Wannan rubutawar ita ce wahalar aikin. Hirar awa ɗaya tana iya cin yinin mutum, ana tsayar da kaset ana mayarwa baya, ana neman yadda ake rubuta sunan wani ƙauye a Faransa ko wani tsibiri a tekun Fasifik wanda tsoho ya faɗa cikin maƙoshi. Amma a nan ne yaro yake jin maganar da gaske, domin abin da ya wuce kunnensa a zaune sai ya dawo masa sau biyar.

An riƙa ajiye kwafin hirarrakin a gidan tarihin soja na jihar da ke Saratoga Springs, aka kuma riƙa sa wasu a shafin intanet na makarantar. A daidai wannan lokacin ƙasar baki ɗaya ta farga cewa tsoffin suna ƙarewa. A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin tattara tarihin tsoffin sojoji a ƙarƙashin babban ɗakin karatunta, da ƙa'idojinsa: hira kada ta gaza minti 30, mai ba da labari ya sa hannu a takardar amincewa, ɗaliban manyan azuzuwan sakandare kuma suna iya shiga. Hudson Falls ta riga wannan doka da shekaru.

Gara a faɗi wani abu tun yanzu, domin masu ba da labarin sukan tsallake shi: hirar da ta yi suna ba ɗalibi ne ya yi ta ba, malamin ne da kansa. Amma ƙofar gidan ta hanyar ɗalibi ta buɗe. Ba don jikan Walsh yana ajin ba, ba don kuma an shekara goma ana wannan aiki har gari ya san da shi ba, da babu abin da zai kai Rozell falon nan.

Abin da ya faru ranar 13 ga Afrilun 1945

A sansanin gwale-gwale na Bergen-Belsen, a arewacin Jamus, akwai wani sashe da 'yan Nazi suka ware tun 1943 don wasu Yahudawa da suke riƙe da su kamar jingina. Niyyarsu su yi musayarsu da Jamusawan da ke tsare a ƙasashen waje, ko su karɓi wani abu a madadinsu. Shi ya sa ba a raba iyalai da yawa a cikinsu ba, shi ya sa kuma aka sami yara ƙanana masu yawa, abin da ba a cika gani ba a sauran sansanoni.

Da sojojin Birtaniya suka matso a farkon Afrilun 1945, sai aka kwashe waɗannan mutane, su kusan 6,700, aka cusa su a jiragen ƙasa uku aka nufi Theresienstadt, wani sansani a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek. Jirgi ɗaya ya isa. Ɗaya ya yi ta gararamba har sojojin Sobiyet suka tarar da shi kusa da Tröbitz ranar 23 ga wata. Na ukun kuwa, mai ɗauke da mutum kimanin 2,500, 'yan asalin Hangari da Polan da Holan da Girka da wasu ƙasashe, ya yi kusan mako yana tafiya yana tsayawa, har ya maƙale a wani kwari kusa da ƙauyen Farsleben, 'yar tafiya kaɗan arewa da birnin Magdeburg, daf da kogin Elbe. Gaba yaƙi, baya yaƙi. Abinci ya ƙare. Yawancin masu gadi suka ga ba sarki sai Allah, suka sulale.

Ranar Juma'a 13 ga Afrilu, washegarin mutuwar Shugaba Roosevelt, Manjo Clarence Benjamin na bataliya ta 743 ya fita sintiri a cikin jif da ƙananan tankoki biyu. Ɗaya ta Walsh, ɗaya ta abokinsa George Gross. Bataliyar tana tare da Runduna ta 30 ta sojojin ƙasa, kuma hankalin kowa yana kan Magdeburg, wadda ba ta faɗi ba sai ranar 18. Ba wanda ya aike su ceton kowa. Karo suka yi da jirgin.

Walsh bai fi awa ɗaya a wurin ba aka ce ya wuce gaba. Gross ne aka bari. Ya kai tankarsa ya girke ta a gaban jirgin don duk Bajamushen da ke kusa ya san mutanen nan sun shiga hannun Amurka, ya kwana a nan yana gadi. Kwana biyu bayan haka Birtaniya ta shiga Bergen-Belsen kanta, ta tarar da mutum kusan 60,000 a raye ko kusa da mutuwa, da dubban gawawwaki a fili ba a binne ba.

Me ya sa bai faɗa ba?

A nan ne, a ganina, lamarin ya fi cancantar a tsaya a kansa. Walsh ba ɓoye labarin ya yi ba. Ba irin abin nan ne da ke damun mutum har ya kasa buɗe baki ba. Bai dai ɗauke shi labarin yaƙi ba ne. Mutumin da ya yi wata goma a cikin tanka, ya ga abokansa sun ƙone, in ka ce masa "ba ni labarin yaƙi", harbi zai ba ka, da sanyi, da tsoro, da wanda ya mutu a gefensa. Awa ɗaya da ba a yi harbi ba, aka ga mutane cikin tsumma, aka wuce, ba ta shiga lissafinsa.

Shi ma mai tambaya ba shi da yadda zai yi ya tambayi abin da bai san ya faru ba. Jerin tambayoyi, komai kyansa, daga abin da aka riga aka sani ake tsara shi: a ina aka horar da kai, yaushe ka tsallaka teku, wane faɗa ne ya fi tsanani, yaya ka ji ranar da aka ce yaƙi ya ƙare. Babu layin da za a rubuta "ko ka taɓa cin karo da jirgin ƙasa cike da fursunoni?" Wadda ta cike giɓin ita ce 'yar gida, wadda ta taso tana jin guntattakin zance a wajen cin abinci, ta san akwai wani abu da bai fito ba tukuna.

Masu koyar da tarihin baka sukan ce a keɓe mai ba da labari shi kaɗai, kada 'yan uwa su riƙa sa baki ko su sa shi jin nauyi. Suna da hujja: akwai abin da uba ba zai faɗa a gaban 'yarsa ba, ko da za a kwana ana tambaya. Amma lamarin Walsh ya nuna ɗaya gefen. Da an bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, da an kashe kyamara an yi sallama. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi duka biyun: a tambayi mutanen gida tun kafin hira wane labari ne ya saba bayarwa, wanne ne ya taɓa faɗa sau ɗaya bai sake ba, sannan kada a yi saurin naɗe waya. Sau da yawa tsoho sai ya ga an rufe littafi yake sakin jiki.

Murhu mai duwatsu uku

Da maganar Walsh kaɗai aka tsaya, da ta zama 'yan layuka a ƙarshen doguwar hira. Abin da ya ɗaga ta shi ne Walsh ya ce a nemi Gross, shi ne ya kwana a wurin, kuma yana da hotuna.

Gross a lokacin tsohon farfesan adabin Ingilishi ne a San Diego, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Ashe ranar yana da 'yar ƙaramar kyamara, ya ɗauki hotuna kusan goma, ya adana su shekara 56. Ya aiko da su, ya kuma rubuta abin da ya tuna. A cikin bayaninsa akwai wani abu da ba ya fita a ran wanda ya karanta: mutanen jirgin, da yunwarsu da ƙwarƙwatarsu, sun yi dogon layi a gaban tankarsa, kowa ya zo ya miƙa hannu ya faɗi sunansa, cikin natsuwa da kamun kai, kamar masu gaisuwa a wajen biki. Mutanen da aka shekara ana ƙirga su kamar kaya, abin da suka fara yi da suka sami sarari shi ne gabatar da kansu. Ya kuma tuna wata budurwa 'yar Polan, Gina Rappaport, mai jin Turanci, wadda ta yi masa tafinta, ya ɗauke ta hoto a gaban tankar.

Dutse na uku takardar hukuma ce. Rahoton da bataliyar ta rubuta bayan aiki ya ambaci jirgin, kuma a ciki akwai hoton da Manjo Benjamin ya ɗauka a daidai lokacin isarsu: wata mata tana hawowa gangare riƙe da hannun 'yar ƙaramar yarinya, ɗaya hannun a miƙe, fuskarta tsakanin kuka da dariya, taragun jirgin a bayanta. Yau hoton yana cikin sanannun hotunan wancan zamani. A 2001 kuwa yana kwance cikin fayil.

Baki, hoto, takarda. Kowanne shi kaɗai yana da rauni. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara tamanin tana haɗa ranaku biyu su zama ɗaya. Hoto ba ya faɗin sunan wanda ke ciki. Rahoton soja kuwa magatakarda ne ya rubuta shi cikin gaggawa, jirgin a wurinsa cikas ne a kan hanyar zuwa Magdeburg. Da aka jera su ukun sai tukunya ta zauna. Wannan shi ne darasin da ɗalibi ba zai samu a littafin aji ba, domin littafi yakan kawo masa tuwo a tuƙe, bai ga yadda aka yi tankaɗe ba.

Shekara huɗu shiru

An sa hirar Walsh da bayanin Gross da hotunan a shafin makarantar. Sai shiru. Ɗalibai suka gama suka tafi, wasu suka zo, aka ci gaba da hira da wasu tsoffin.

A 2006 saƙo ya iso daga Ostiraliya. Wata mata ce, kaka, wadda tana 'yar shekara bakwai a cikin jirgin. Tana lalube a intanet ta faɗa kan shafin wata makarantar da ba ta taɓa jin sunanta ba, ta ga ranar da aka 'yanta ta a hoto. Bayanta wasu suka biyo.

Wannan shirun ya kamata duk mai shirin irin wannan aiki ya sa shi a lissafi. Da makarantar tana auna amfanin aiki da abin da ya haifar a zangon karatu ɗaya, da an ce shafin ba mai dubawa, a share. Kuma da kaset ɗin yana cikin durowar malam, kamar yadda yawancin ayyukan ɗalibai suke ƙarewa, da matar ba ta same shi ba ko da ta shekara tana nema. An rubuta hirar da haruffa, an sa sunan wuri da kwanan wata da lambar bataliya daidai, shi ya sa mai nema ya iya cin karo da ita. Aikin nan mai gundura na zama a rubuta kalma bayan kalma, shi ne ya yi rana.

A watan Satumban 2007 makarantar ta shirya haɗuwa ta farko. Walsh ya zo. Mutum uku daga cikin yaran jirgin suka zo: Peter Lantos, ɗan asalin Hangari, wanda mahaifinsa ya mutu a Bergen-Belsen, shi kuma ya zama farfesan cututtukan ƙwaƙwalwa a Landan, Micha Tomkiewicz, haifaffen Warso, farfesan kimiyyar fiziks a Brooklyn, da Fred Spiegel, haifaffen Jamus wanda aka kamo daga Holan. Ɗalibai suka cika ɗaki suna kallon dattijo yana gaisawa da mutanen da ya gani suna yara na awa ɗaya, shekara 62 da suka wuce. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauki labarin, ya zaga duniya, saƙonni suka yi ta kwararowa.

Cikin waɗanda suka ji har da Frank Towers, wanda a 1945 laftanar ne a Runduna ta 30. Shi aka ɗora wa kwashe mutanen daga bakin jirgin washegari, a manyan motoci, ta hanyoyin da yaƙi ya lalata, zuwa Hillersleben, wani sansanin sojan Jamus da aka kama mai gidaje da asibiti. Towers, yana da shekara casa'in da wani abu, ya mai da neman mutanen jirgin sana'arsa, shi da wata mata a Isra'ila wadda mahaifinta yana ciki. Sun gano fiye da mutum 200. An sake haɗuwa a Hudson Falls a 2009, inda tashar talabijin ta ABC ta nuna taron a labaranta na yamma, an kuma yi wata a Isra'ila a 2011.

Inda labarin yake da santsi

Labari mai daɗi irin wannan yana da haɗarinsa a aji. Na farko, yana iya koya wa yaro cewa abin ya ƙare lafiya. Bai ƙare lafiya ba. An tarar da gawawwaki a cikin jirgin da gefensa. A Hillersleben, duk da ƙoƙarin ma'aikatan lafiya na sojan Amurka, fiye da mutum 100 sun mutu a makonnin da suka biyo, yawanci saboda zazzaɓin taifus da ƙwarƙwata ke yaɗawa da kuma jikin da yunwa ta riga ta cinye. Waɗanda suka zo taron makaranta su ne suka rayu, suka yi karatu, suka kai tsufa. Mutum 2,500 kuma ɗigo ne a cikin miliyan shida da aka hallaka. Malamin da ya bar ɗalibai da hoton matar nan mai miƙa hannu kawai, ya ba su rabin gaskiya.

Na biyu shi ne jarumtaka. Jama'a suna son gwarzo, 'yan jarida sun fi kowa so. Walsh da kansa ya ƙi karɓar rawanin. Ya sha gaya wa waɗanda suka tsira cewa ba ya bin su bashin godiya, abin da suka yi shi ne abin da ya kamata duniya duka ta yi tun da wuri. A wurina wannan ƙin karɓar yana cikin abubuwa mafi daraja da ɗaliban suka gani, domin ya fito daga bakin wanda ake yabo, ba daga bakin malami ba.

Na uku ya fi shafar aikin kansa. Hirarrakin da aka tara a Hudson Falls suna da yawa, kuma mafi yawansu ba jirgi a ciki. Akwai wanda ya yi yaƙin a tsibiran Fasifik, akwai matuƙin jirgin sama, akwai wanda aka kama fursuna, akwai wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. In aka mai da Farsleben ma'auni, yaron da kakansa makanike ne a bayan fage zai ga kamar ya dawo hannu rabbana. Alhali Walsh ma, har minti na ƙarshe, hira ce irin ta kowa.

Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa ɗan shekara sha shida idan aka zaunar da shi gaban tsoho yana kuka. Shirin da ake yi masa kafin ya je bai kamata ya tsaya kan taswira da kwanan wata ba. Sai an gaya masa cewa shiru ba laifi ba ne, kada ya yi gaggawar cike shi da wata tambaya, kuma in dattijo ya ce a kashe na'ura, a kashe.

Wanda ya karanta wannan a Kano ko Kaduna ba zai rasa tuna cewa yaƙin nan ɗaya ya ci da namu ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi faɗa da Japanawa a dazuzzukan Boma, da Hausa ake ba da umarni a bataliyoyin Nijeriya, kuma sunayen wuraren suna nan a jikin barikoki: Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas. Yara suna wucewa ta ƙofar barikin kullum ba su san sunan wani rafi ne ko wani gari a Asiya ba. 'Yan Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuwa suna nan a zaure da bakin masallaci, ƙaraminsu ya haura saba'in, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗan sakandare ta fi kyamarar da Rozell ya saɓa a 2001.

Bayan masu labarin

George Gross ya rasu a 2009, Carrol Walsh a 2012, Frank Towers a 2016. Rozell ya yi ritaya daga koyarwa a 2017, amma bai saki zancen jirgin ba. A Farsleben, wadda bayan yaƙi ta faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas aka daɗe ba a tada maganar ba, mutanen yankin, har da 'yan makaranta, sun tashi sun kafa dutsen tunawa kusa da layin dogon.

A 2023 aka gano wani guntun fim a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar Amurka, 'yan mintuna kaɗan, ba sauti, wanda masu ɗaukar hoto na soja suka ɗauka a bakin jirgin. Shekara 78 yana ajiye.  Da aka sake shi, tsofaffi a Isra'ila da wasu ƙasashe suka zauna gaban kwamfuta suna tsayar da shi suna mayarwa baya, wasu suka nuna da yatsa suka ce ga mahaifiyarsu, wasu suka ce wancan yaron su ne.